Wane ne Frederick Taylor, kuma me ya sa ma'aikata suka tsani agogonsa?

Sabon_Helma:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san harkar masana'antu.

Ba a daɗe da ba ni helman sashenmu ba, sai ga shi an turo mana wasu mutane da agogon auna sakan da allon rubutu. Sai su tsaya a bayan mutum, in ya ɗauki ƙarfe su danna, in ya ajiye su danna, in ya miƙe neman sifana su danna. Yarana duk sun tsargu. Wani dattijo a cikinsu, wanda ya riga ni fara aikin nan nesa ba kusa ba, ya ce min duk inda ka ga agogon nan to ragin ma'aikata na tafe. Da na tambayi ɗaya daga cikin masu agogon, sai ya ce ai tsohon ilimi ne, wani Ba'amurke mai suna Frederick Taylor ya kafa shi fiye da shekara ɗari da suka wuce.

Wane ne mutumin nan? Ya taɓa riƙe ƙarfe da hannunsa, ko kuwa a ofis ya zauna ya tsara wa mutane wahala? Ma'aikatan zamaninsa sun amfana da shi ko cutuwa suka yi? Ba na so in tsaya gaban mutanena in faɗa musu abin da ni kaina ban gamsu da shi ba.

Tsohon_Injiniya:

Wa alaikumus salam. Allah ya taya ka riƙo, ɗana.

Ya riƙe ƙarfe, riƙo na gaske ma, duk da cewa gidan da ya fito ba irin gidan da ake zaton lebura zai fito ba ne. An haife shi ranar 20 ga Maris, 1856 a Germantown, cikin birnin Filadelfiya. Mahaifinsa lauya ne mai abin hannu. Yana yaro aka zaga da shi Turai, ya yi karatu a Faransa da Jamus. Ya ci jarrabawar shiga jami'ar Harvard, a gida ana sa ran zai gaji ubansa, sai aka ce idonsa ya samu matsala. Maimakon jami'a sai ya shiga koyon sana'a a wata masana'antar famfunan ruwa. A 1878 ya koma kamfanin ƙarfe na Midvale a matsayin lebura, daga nan akawun lokaci, daga nan mai injin sassaƙa ƙarfe, sai helma, har ya kai babban injiniya cikin 'yan shekaru. Digirinsa na injiniya ma yana aikin ya yi shi, daga kwalejin Stevens, a 1883. Gaskiya dai akwai hanya a saurin hawansa, domin gidansu da gidan ɗaya daga cikin masu kamfanin aminan juna ne, har da surukuta. Amma wanda ya yi aiki da shi bai taɓa cewa bai iya aikin ba.

Abin da ya kamata ka kula da shi, tunda kujerar da kake kai yanzu ita ya hau, shi ne abin da ya faru da aka ba shi helma. Yana kan inji ya san sirrin 'yan'uwansa: sun haɗa baki a kan iyakar abin da kowa zai fitar a rana, kuma a ƙiyasinsa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da za su iya ba. Ba lalaci ne kawai ya kawo haka ba. Jinga ake biyan su, kowane ƙarfe da kuɗinsa. Duk ranar da wani ya dage ya ninka aikinsa, sai mai kamfani ya ga ashe aikin bai kai wuyar da ake faɗa ba, sai ya zaftare kuɗin jingar. Ka ƙara gumi, albashi ya koma inda yake. Saboda haka jan ƙafa ya zama garkuwarsu. Da ya zama helma suka ce masa, to ka dai san yadda ake yi, ka rufa mana asiri mu zauna lafiya. Ya ce musu a'a, yanzu shi na hukumar kamfani ne. Shekara uku suna fafatawa. Yana cin su tara, yana kora, su kuma wasu na lalata inji da gangan don a ce matsinsa ne ya karya shi. Ya yi nasara, amma shi da bakinsa ya ce rayuwar ba ta yi masa daɗi ba, kuma da abokansa na aiki suka tambaye shi tsakani da Allah, ya amsa cewa da shi ne a matsayinsu, a ƙarƙashin wannan tsarin biyan, shi ma ba zai ƙara aiki ba.

Daga nan tunaninsa ya taso. Ya ga ana rigima a kan aikin yini, alhali babu wanda ya san nawa ne aikin yinin. Mai kamfani yana kintace, ma'aikaci yana ɓoye abin da ya sani. Sai ya ce to a auna.

Ni a wajena babban aikinsa ba a kan mutane ya yi shi ba, a kan ƙarfe ya yi shi, kuma shi ne wanda aka fi mantawa. Duk mai injin sassaƙa ƙarfe kullum yana amsa tambaya uku: wace wuƙa zan ɗaura, da wane gudu injin zai juya, yaya zan riƙa tura wuƙar cikin ƙarfen. Kafin Taylor kowa da yadda ubangidansa ya koya masa. Ya roƙi shugaban Midvale, William Sellers, ya ba shi izinin gwaji, yana zaton wata shida zai gama. Shekara 26 ya ɗauka. An yi gwaji tsakanin 30,000 zuwa 50,000, aka mayar da ƙarfe fiye da laba 800,000 ɓarɓashi. Ya gano abubuwa 12 ne ke haɗuwa su yanke amsar, irin su taurin ƙarfen, da zurfin yankan, da siffar bakin wuƙa, da tsawon lokacin da ake so wuƙar ta yi kafin a sake wasa ta. Ya gano idan ana kwarara ruwa a daidai bakin wuƙar, za a iya ƙara gudu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Lissafin ya fi ƙarfin a yi shi da ka, sai abokin aikinsa Carl Barth ya ƙera wata rular lissafi mai zamewa wadda ke ba da amsa cikin ƙasa da minti ɗaya. Sannan a kamfanin Bethlehem Steel, inda ya koma a 1898, shi da Maunsel White suka gano cewa in aka gasa wani nau'in ƙarfen wuƙa har dab da narkewa, zafin da kowane maƙeri na lokacin zai ce ya lalata shi, sai ya fito da taurin da ba ya gushewa ko ya yi ja da wuta. A baje kolin duniya na birnin Faris a 1900 mutane suka yi cincirindo suna kallon wuƙa ta yi jajir amma tana ta yankan ƙarfe. Wannan kam babu mai musu a kansa, ya canza aikin inji a duniya.

Ka ɗauki shebur ma. A farfajiyar Bethlehem kowane lebura da sheburinsa yake zuwa, da shi zai kwashi tama mai nauyi, da shi zai kwashi garin kwal marar nauyi. In tama ce yana ɗaga laba 30 a ɗiba ɗaya, bayansa ya gaji tun hantsi. In kwal ne bai kai laba 4 ba, yana ta wurga iska. Aka yi ta gwaji ana rage girman shebur, har aka ga mutum ya fi kwashe kaya da yawa a yini in kowace ɗiba ta kai wajen laba 21, wato kilo 9 da rabi. Sai kamfani ya tanadi shebur iri takwas zuwa goma, ƙarami don tama, babba don kwal, ana ba kowa wanda ya dace da aikin ranar. Abin da mutum ɗaya ke kwashewa a yini ya tashi daga tan 16 zuwa 59. Wannan ba zalunci ba ne, hankali ne, kuma har yau in na ga ma'aikaci na fama da kayan aikin da bai dace da aikinsa ba sai na tuna da shi.

Ɗan_Ƙwadago:

Baba injiniya, Allah ya ƙara girma, amma ka tsaya a tsakiyar lissafin shebur. A ƙarasa shi. Leburorin farfajiyar nan tsakanin 400 zuwa 600 ne kafin Taylor. Bayan ya gama, 140 suka rage. Albashin waɗanda suka rage ya tashi daga dala 1 da santi 15 zuwa dala 1 da santi 88. Kuɗin kwashe tan ɗaya kuwa ya faɗi daga santi 7 da ɗoriya zuwa santi 3 da ɗoriya. Ba abokan gabarsa suka kawo waɗannan alƙaluma ba, shi ya rubuta su a littafinsa na 1911, The Principles of Scientific Management, yana alfahari da su. Saboda haka, Malam Helma, dattijon sashenku ba tatsuniya ya yi maka ba.

Ga labarin da ya fi shahara da shi. Akwai tarin sandunan ɗanyen ƙarfe a Bethlehem, kowane laba 92, kusan kilo 42. Mutum zai sunkuya ya ɗauka, ya hau katako mai gangare, ya jefa cikin taragon jirgin ƙasa, ya sauko ya sake. Kowane mutum na loda tan 12 da rabi a yini. Taylor ya ce za a iya 47. Ya zaɓi wani mutum da ya kira Schmidt a littafin, ainihin sunansa Henry Noll, ya ce masa in kana son dala 1 da santi 85 maimakon dala 1 da santi 15, to gobe in mai agogo ya ce ɗauka ka ɗauka, in ya ce zauna ka zauna, kuma ba ka da ta cewa. Ku lissafa da kanku. Aiki ya kusa ninka huɗu, albashi ya ƙaru da kashi 60 cikin ɗari. Marubuci Upton Sinclair ya yi wannan lissafin tun a 1911, ya aika wa mujallar da ke buga rubutun Taylor yana tambayar ina sauran ya tafi.

Abin da ya fi ci min rai ma ba kuɗin ba ne. A littafin nan ya rubuta cewa wanda ya dace da wannan aiki shi ne mutumin da daƙiƙancinsa ya sa ya fi kama da sa, wato bijimi. Mutumin da ya ɗauki tan 47 a hannunsa ya sa sunanka ya zaga duniya, abin da za ka kira shi ke nan? Kuma ya faɗa ƙarara cewa a da mutum ne a gaba, nan gaba tsari ne zai zama a gaba. Ya ce a kwashe duk aikin ƙwaƙwalwa daga ɗakin injuna a mayar ofishin tsare-tsare, ma'aikaci a miƙa masa kati da safe, an rubuta abin da zai yi, da yadda zai yi, da mintin da zai gama. Wanda ya shekara ashirin yana sana'a, abin da ya mallaka a duniya shi ne sanin da ke kansa. In aka kwashe shi aka zuba a kati, gobe kowa aka ɗauko a bakin ƙofa zai maye gurbinsa.

Ma'aikatan lokacin sun gane haka. A watan Agusta na 1911, a masana'antar makaman sojan Amurka da ke Watertown, jihar Massachusetts, mai agogo ya auna wani mai zubin ƙarfe ya ce aikin na minti 24 ne. Su kuma masu zubin sun auna a ɓoye da nasu agogon, suka samu wajen minti 50. Washegari wani ya ƙi yarda a tsaya masa a ka da agogo, aka kore shi, sauran suka bi shi waje. Yajin aikin na mako guda ne kawai, amma ya kai majalisar wakilai ta kafa kwamitin bincike, kuma a 1915 majalisar dokoki ta hana amfani da agogon a ayyukan da kasafin soja ke biya. Hanin ya tsaya har 1949. A Faransa ma ma'aikatan kamfanin motoci na Renault sun yi yajin aiki a kan agogon nan a 1913.

Malama_Mai_Lissafi:

Sannunku da ƙoƙari. Ina so in ƙara abu ɗaya da ke nuna fuska biyun a wuri guda.

A wani kamfani a garin Fitchburg na Amurka mai yin ƙwayoyin boris na keke, akwai 'yan mata wajen 120 masu duba ƙwayoyin. Za ta jera su a bayan hannunta tsakanin yatsu biyu, ta mirgina su ƙarƙashin haske mai ƙarfi, ta tsince masu tsaga ko ƙarzuwa da maganaɗisu. Awa 10 da rabi kullum. Aka rage musu awoyi a hankali har zuwa 8 da rabi, aka sa musu hutun minti goma-goma, albashi ya kusa ninkawa, aikin ma ya fi inganci. Duk wadda ta taɓa aikin ƙura ido ta san darajar wannan hutun. Amma kuma aka raba musu wurin zama nesa da juna don kada su yi hira, aka sallami masu jinkirin gani ko da suna da himma da amana, daga ƙarshe 35 suka riƙe aikin 120. In kina cikin 35 ɗin za ki sa masa albarka. In kina cikin sauran fa?

Kuma kada a ɗauka shi kaɗai ne a fagen. Frank Gilbreth birkila ne tun asali, shi motsin jiki ya sa wa ido, ba agogo ba. Ya lura magini na sunkuyawa har ƙasa don kowane bulo ɗaya, sai ya ƙera dandamalin da ake ɗagawa yana bin tsayin gini, bulo da kwaɓi suna daidai hannu. Motsi 18 ya koma 5, bulo 120 a awa ya koma 350. Matarsa Lillian, wadda ta yi digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam, ita ta dage cewa gajiyar ma'aikaci da abin da ke ransa suna cikin lissafi. Ni hanyarsu ta fi kwanta min.

Sabon_Helma:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba injiniya, abin da Yaya Ɗan_Ƙwadago ya kawo ya tsaya min a rai. Babu wanda ya taɓa titsiye Taylor ido da ido a kan waɗanda suka kasa kai adadin? Me ya ce?

Tsohon_Injiniya:

An titsiye shi. A watan Janairu na 1912 ya zauna gaban kwamitin majalisar nan kwanaki yana amsa tambayoyi. Shugaban kwamitin, William Wilson, tun yana yaro yake aikin haƙar kwal, daga baya shi ya zama ministan ƙwadago na farko a Amurka. Ya yi ta maimaita masa tambayar da ka yi: wanda bai kai sahun farko ba, ina zai nufa? Taylor ya ce kowane mutum akwai aikin da zai zama gwani a kai, sai dai in ya ƙi, kuma tsarinsa ba shi da wurin tsuntsun da ya iya kuka ya ƙi yi. Wilson ya ce shi ba zancen tsuntsaye yake ba. A littafinsa ya amsa cewa a cikin masu lodin ƙarfen mutum ɗaya ne cikin takwas ke iya tan 47, ya ce sauran an ba kusan dukkansu wani aikin a kamfanin. Ni amsar ba ta gamsar da ni ba, kuma ina ƙaunar aikin mutumin.

Akwai kuma wanda ɗan'uwana Ɗan_Ƙwadago bai kawo ba, wanda ya fi wancan nauyi a idon injiniya. A 1974 wasu masu bincike biyu, Charles Wrege da Amedeo Perroni, suka tono rahoton mataimakan Taylor da suka yi ainihin aikin lodin a 1899. Ashe ƙarfafa ƙalilan aka sa suka yi lodi da iya ƙarfinsu na kimanin minti 14, aka ninka shi zuwa yini guda, aka cire kashi 40 cikin ɗari da sunan hutu. Kashi 40 ɗin nan ba gwaji ya haifar da shi ba, yanke shi aka yi. Mutumin da ya shekara 26 kafin ya yarda da lissafin wuƙa ɗaya, da aka zo kan jikin ɗan Adam sai ya wadatu da wannan. Bai kuma daɗe a Bethlehem ba, a 1901 suka raba gari da masu kamfanin. Daga nan bai sake aikin albashi ba, ya zauna a gidansa a Filadelfiya yana karɓar baƙi yana yaɗa tsarinsa, har ciwon nimoniya ya ɗauke shi ranar 21 ga Maris, 1915, kwana ɗaya bayan ya cika shekara 59.

Game da mutanenka, ka yi amfani da sharuɗɗan Taylor ɗin kansa, don masu ɗaukar agogonsa sun fi son su manta da su. Shi ya ce kafin a auna mutum sai an gyara inji, an daidaita bel, an tanadi wuƙaƙe masu kaifi, an kawo kaya kusa da hannu, kuma wannan nauyin hukumar kamfani ne. Ya ce wanda ya kai adadin a ƙara masa kashi 30 zuwa 100 cikin ɗari na albashi. Ya ce in an yanke kuɗin aiki ba a zaftare shi don ma'aikaci ya fara samu da yawa, sai in hanyar aikin ce ta canza. Ya ce adadin ya zama wanda mutum zai shekara yana yi ba tare da jikinsa ya lalace ba. Ya kuma gargaɗi masu gaggawa cewa sauyin na ɗaukar shekaru, wanda ya fara da agogo kafin sauran matakan, yajin aiki zai girba, kuma abin da ya faru a sashen zubi na Watertown ke nan.

Saboda haka ka je ka tambayi masu agogon, a gaban manajanku in da hali: nawa suka ware wa hutu da jiran kaya da lalacewar inji, kuma daga ina suka samo adadin? Mutum nawa suka auna, a wane lokaci na yini? In aiki ya ƙaru, nawa ne rabon ma'aikaci, kuma za a rubuta? Sannan ka nemi a zauna da dattijon nan naka kafin a buga kowane kati, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ya ce minti 24 ba zai yiwu ba, a sake aunawa yana tsaye.